Jorj Kilemanso, Damisar Faransa: Yadda Abin Fallasar Panama Ya Kada Shi Da Yadda Ya Tashi

Daga cikin manyan mutanen da suka riƙe mulkin ƙasar Faransa, kaɗan ne suka ɗanɗana zaƙin siyasa da ɗacinta kamar Jorj Kilemanso (Georges Clemenceau), wanda mutanen ƙasarsa suka yi wa laƙabi da Damisa. An fi tunawa da shi a kan cewa shi ne tsohon da ya ja ragamar Faransa har ta yi rinjaye a yaƙin duniya na farko cikin 1918. Amma shekara 25 kafin wannan, mutumin nan ya zama abin jifa da ihu a kan hanya. An kira shi ɓarawo, an kira shi ɗan koren Ingila, talakawan da suka zaɓe shi suka juya masa baya, alhali kuwa babu wani gidan shari'a da ya taɓa kama shi da waɗannan laifuffuka. Tarihinsa yana nuna irin ƙarfin da abin fallasa yake da shi a kan ra'ayin jama'a lokacin zaɓe, da yadda yakan kada mai gaskiya ya bar mai laifi a tsaye.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Kilemanso ran 28 ga watan Satumba 1841 a wani ƙauye mai suna Mouilleron-en-Pareds, cikin jihar Vendée, yamma ga Faransa. Ubansa Benjamin likita ne, kuma mai tsananin ƙin mulkin sarauta. Cikin 1858 gwamnatin Sarki Napoleyon na Uku ta kama shi da niyyar kai shi Aljeriya, sai da mutanen birnin Nantes suka nuna fushinsu kana aka sake shi. Yaron ya ga uban nasa cikin hannun ƴan doka, kuma abin nan ya zauna masa a zuciya har tsufansa.

Ya bi sawun uban, ya yi karatun likita a Nantes da Paris. Tun yana ɗalibi ya shiga rubutu cikin jaridu, har cikin 1862 aka rufe shi gidan kaso na Mazas wajen wata biyu da rabi saboda ya kira mutane su fito zanga-zanga. Da ya sami takardar likita cikin 1865 sai ya tafi Amurka. Can ya koyar da Faransanci da hawan doki a wata makarantar ƴan mata, yana kuma aika wa jaridar Le Temps labarin siyasar ƙasar, har da shari'ar da majalisa ta yi wa shugaba Andrew Johnson cikin 1868. Ya auri ɗaya daga cikin ɗalibansa, Mary Plummer, cikin 1869, ya komo gida da ita da kuma harshen Ingilishi a bakinsa. Harshen nan da auren nan, daga baya, su ne maƙiyansa suka mai da makamin yaƙinsa.

Cikin 1870 Jamusawa suka ci Faransa da yaƙi, sarauta ta faɗi, aka kafa Jamhuriya ta Uku. Aka naɗa Kilemanso magajin unguwar Montmartre a Paris, unguwar talakawa da ƴan ƙwadago, inda ya riƙa duba marasa lafiya kyauta. Aka zaɓe shi cikin majalisar ƙasa a 1871, ya kuwa ƙi yarda da sulhun da ya ba Jamus jihohin Alzas da Loren. Daga 1876 ya zama depite na Paris, daga 1885 kuma na jihar Var, kudu ga ƙasar, bakin Bahar Rum.

Mai kada gwamnatoci

A tsarin Jamhuriya ta Uku, majalisun nan biyu, ta depitoci da ta dattawa, su ke zaɓen shugaban ƙasa, amma mulkin yau da kullum yana hannun shugaban majalisar ministoci. Duk ranar da depitoci suka janye masa amincewa, gwamnati ta faɗi ke nan. Kilemanso ya gwanance da wannan aiki. Mutum ne mai kaifin baki, mai gajeriyar magana da ke huda kamar mashi, ga shi da jaridarsa mai suna La Justice, wadda ya kafa cikin 1880. Bai karɓi kujerar minista ba duk tsawon shekarun nan, sai dai ya kada masu ita, har aka riƙa kiransa mai kada gwamnatoci.

Cikin 1882 ya hana a aika sojan Faransa Masar, gwamnatin Freycinet ta faɗi, Ingila ta mamaye Masar ita kaɗai. Ran 30 ga watan Maris 1885 ya kada Jules Ferry, uban mulkin mallaka, bayan sojan Faransa sun ja da baya a Lang Son, arewa ga ƙasar da ake kira Biyetnam yanzu. Cikin watan Yuli na shekarar nan, da Ferry ya yi da'awar cewa akwai jinsin mutane da ke bisa wani, kuma yana da ikon mallakarsa, Kilemanso ya tashi gaban majalisa ya ƙaryata shi. Ya tuna wa depitoci cewa malaman Jamus ma sun yi irin wannan da'awa a kan Faransawa bayan da suka ci su da yaƙi.

Abin fallasa na farko da ya yi amfani da shi ya ɓullo cikin 1887. Aka gane cewa Daniel Wilson, surukin shugaban ƙasa Jules Grévy, wanda ke zaune cikin fadar Elize tare da shi, yana sayar da lambobin girma na ƙasa ga masu kuɗi. Jaridu suka ɗauka, jama'a suka cika tituna. Kilemanso ya kada gwamnatin Maurice Rouvier cikin Nuwamba, ba a kuwa sami wanda zai yarda ya kafa sabuwa ba muddin Grévy yana kan kujera. Ran 2 ga watan Disamba tsohon ya sauka ba da son ransa ba. Kilemanso ya sa hannu aka zaɓi Sadi Carnot, don kada Ferry ya hau.

Ya kuma yi wani kuskure da ya biya da tsada. Shi ne ya tura Janar Boulanger aka ba shi ministan yaƙi cikin 1886. Da ya ga janar ɗin yana neman ya hau bisa kan jama'a ya yi mulkin kama-karya, sai ya juya masa baya, ya taimaka aka karya shi. Boulanger ya gudu Beljika cikin 1889, ya kashe kansa cikin 1891. Mabiyansa suka riƙe Kilemanso a zuci, suna jiran rana. Haka nan ƴan sarauta, da malaman coci, da duk ministocin da ya taɓa kadawa.

Kuɗin Panama

Ferdinand de Lesseps shi ne Bafaranshen da ya haƙa mashigin ruwa na Suwez, wanda aka buɗe cikin 1869. Saboda wannan aiki babu wanda jama'a suka amince wa kamarsa. Da ya ce zai haƙa wani mashigin a Panama, don ya haɗa tekun Atlantika da tekun Fasifik, sai ƙananan ƴan kasuwa da manoma da ma'aikata da gwauraye suka kwaso ajiyarsu suka sayi takardun kamfaninsa. Aka fara aiki cikin 1881. Amma Panama ba hamadar Suwez ba ce. Akwai duwatsu da dazuzzuka da ruwan sama mai zabtar da ƙasa, ga shawara da zazzaɓin cizon sauro, waɗanda suka kashe ma'aikata wajen 22.000. Kuɗi suka ƙare tun aiki bai kai rabi ba.

Don ya sami wasu kuɗin, kamfanin ya nemi izinin sayar da takardun bashi masu haɗe da caca, abin da ba ya yiwuwa sai majalisa ta yi doka. Aka yi dokar cikin 1888, amma ba ta ceci kamfanin ba. Ran 4 ga watan Fabrairu 1889 aka rushe shi, fiye da faran miliyan dubu ɗaya na zinariya suka salwanta, dubban gidaje suka wayi gari ba su da ko anini. Gwamnatoci suka yi ta jan ƙafa wajen bincike har shekara uku.

Cikin Satumba 1892 jaridar La Libre Parole, ta Edouard Drumont, mutum mai tsananin ƙin Yahudawa, ta fara tona asiri. Ta bayyana cewa an sayi ƙuri'un ƴan majalisa kafin dokar 1888, an kuma toshe bakin jaridu da kuɗi don su ɓoye wa jama'a halin da aikin yake ciki. Dillalan cinikin su ne Baron Jacques de Reinach, ma'aikacin banki, da Cornelius Herz, wani mai harkar kuɗi wanda ya san sirrin Reinach yana kuma tatsarsa da shi. Ran 19 ga watan Nuwamba Reinach ya shiga neman mai cetonsa. Rouvier, wanda yake ministan kuɗi a lokacin, ya yarda ya raka shi wurin Herz, amma ya nemi Kilemanso ya zo ya zama shaida. Suka je, Herz ya ce ba abin da zai iya. Kashegari aka tarar da Reinach matacce a ɗakinsa, Herz kuwa ya tsallake teku zuwa Ingila.

Aka kafa kwamitin bincike, gwamnatin Emile Loubet ta faɗi, aka yi ta yaɗa cewa ƴan majalisa 104 ne suka karɓi toshiya. Ran 20 ga watan Disamba aka cire rigar kariya ta depite 5 da ƴan majalisar dattawa 5, har da Rouvier, don a yi musu shari'a. Sunan Kilemanso ba ya cikinsu, ba ya kuma cikin guntayen takardun banki da aka kama. Amma kowa ya san Herz ya taɓa zuba kuɗi cikin jaridar La Justice, ko da yake Kilemanso ya ce ya mayar masa da rabonsa tun 1885. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A ranar nan Paul Déroulède, madugun mabiyan Boulanger, ya tashi gaban majalisa ya ce Herz ɗan leƙen asirin ƙasashen waje ne, kuma Kilemanso ne ya ɗaukaka shi. Kilemanso ya ƙaryata shi ido da ido. Bisa al'adar manyan Turawa ta zamanin, suka fita fili suka yi gaba da gaba da ƙananan bindigogi, kowa ya yi harbi uku, babu wanda ya sami rauni.

Shari'a ba ta haifar da abin kirki ba. Cikin Fabrairu 1893 aka yanke wa Lesseps da ɗansa shekara 5, Gustave Eiffel mai hasumiyar Paris shekara 2, amma kotun ƙoli ta soke hukuncin a kan cewa lokacin ƙara ya shige. Daga cikin ƴan siyasa mutum ɗaya tak aka ɗaure, Charles Baïhaut, tsohon ministan ayyuka, wanda ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi faran 375.000. Waɗanda suka yi gardama duk suka kuɓuta. Jama'a suka ga an ci kuɗinsu an kuma ci bulus, sai fushinsu ya shiga neman inda zai sauka.

Yaƙin zaɓe na 1893

Zaɓen depitoci yana tafe cikin Agusta. Da yake maƙiyan Kilemanso ba su sami takardar da ta kama shi a kan Panama ba, sai suka ƙaga wata. Ran 22 ga watan Yuni depite Lucien Millevoye ya karanta wa majalisa wasu wasiƙu da ya ce an sato daga ofishin jakadan Ingila a Paris, waɗanda ke nuna wai an ba Kilemanso fam 20.000. Tun bai gama karatu ba depitoci suka fashe da dariya, don ƙaryar ta yi kauri ƙwarai. Aka gane wani mutumin tsibirin Moris da ake kira Norton ne ya rubuta su don ya sami kuɗi. Déroulède da Millevoye suka ajiye kujerunsu don kunya. Cikin Agusta aka ɗaure Norton shekara 3.

Mai hankali zai zaci magana ta ƙare nan. Amma ƙaryar ta riga ta yi nisa, gaskiya kuwa tana baya tana ɗingishi. Jaridar Le Petit Journal, wadda ke buga wajen kofi miliyan ɗaya kowace rana, ta sa Kilemanso gaba, ko da yake ita kanta tana cikin waɗanda suka ci kuɗin talla na kamfanin Panama. Ta buga zanensa yana rawa bisa dandali yana wasa da jakunkunan zinariyar Ingila, aka yi ta rabawa cikin ƙauyukan Var. Manomin da bai taɓa karanta hukuncin kotu ba ya ga zanen nan manne a bango. Aka tono maganar Masar ta 1882, aka ce ai shi ya ba Ingila ita. Aka tono matarsa Ba'amurkiya, wadda ma sun riga sun rabu, da iya Ingilishinsa. Duk inda ya tsaya zai yi jawabi sai a turo masu ihu suna kwaikwayon maganar Ingilishi don su hana a ji shi, wani wuri har da jifa.

Ran 8 ga watan Agusta, a garin Salernes, ya yi jawabin da ake lissafawa cikin mafi ƙarfin jawabansa. Ya shimfiɗa rayuwarsa gaban jama'a tun daga ƙuruciya, ya faɗi bashin da ke kansa da na jaridarsa, ya nemi masu zarginsa su nuna inda dukiyar da suke faɗi take. Waɗanda suka halarta sun girgiza. A zagayen farko, ran 20 ga watan Agusta, shi ne ya zo gaba, amma bai sami rinjayen da ake bukata ba. Sai abokan hamayyarsa duka, daga ƴan sarauta har wani sashe na ƴan gurguzu, waɗanda ba abin da ya haɗa su sai ƙinsa, suka taru bayan wani lauya mai suna Joseph Jourdan. Ran 3 ga watan Satumba Kilemanso ya faɗi da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu ɗaya ba, bayan shekara 17 cikin majalisar depitoci.

Abin da ƙuri'a ta nuna

Sakamakon zaɓen nan abin lura ne. Rouvier, wanda sunansa ya fito cikin takardun, mutanen yankinsa sun sake zaɓensa, har ya koma shugaban gwamnati cikin 1905. Daniel Wilson mai sayar da lambobin girma shi ma ya komo majalisa a wannan zaɓe. Masu ƙuri'a sun yafe wa wanda ya daɗe yana yi musu hanya da gada da neman aiki ga ƴaƴansu, suka hukunta wanda jarida mafi girma ta nuna musu da yatsa. Kilemanso ya shekara goma sha yana kada mutane, ranar da ya bukaci mai tsaya masa sai ya tarar kaɗan ne.

Jamhuriya ba ta faɗi ba, kamar yadda masu tonon asirin suka yi fata. Ƴan jamhuriya masu sassauci sun riƙe rinjaye, ƴan sarauta suka ƙara raguwa. Amma sababbin fuskoki da yawa sun shiga majalisa, ƴan gurguzu suka sami wajen kujera 50, samari irin su Raymond Poincaré da Louis Barthou suka maye gurbin tsofaffi. Ɓarnar da ta fi daɗewa ita ce ta zukata. Talaka ya ɗauka cewa kowane depite ɓarawo ne, kalmar Panama ta zama zagi, har ranar da aka zaɓi Loubet shugaban ƙasa cikin 1899 da ita ƴan zanga-zanga suka tarbe shi. Kuma da yake Reinach da Herz Yahudawa ne, Drumont ya ɗora laifin mutum biyu a kan al'umma ɗungum, aka manta da ɗimbin waɗanda suka miƙa hannu suka karɓa.

Alƙalami a madadin kujera

Kilemanso ya koma gida yana da shekara 52, ba kujera, ga bashi. Ya zauna rubutu don ya ci abinci, yana fitar da maƙala kusan kowace rana, da littattafai. Zargin bai bar shi ba. Cikin 1894 wani matashin depite, Paul Deschanel, ya sake tayar da maganar Panama a kansa, suka yi gaba da gaba da takobi, Deschanel ya sami rauni a goshi.

A ƙarshen shekarar nan aka yanke wa Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude, hukuncin cin amanar ƙasa, aka kai shi wani tsibiri kusa da Guyana. Da fari Kilemanso ya gaskata laifin, har ya yi rubutu mai zafi a kansa. Cikin 1897, da aka nuna masa yadda aka yi shari'ar da takardun ɓoye, sai ya sake ra'ayi. Wanda aka taɓa yi wa ƙage da takardar jabu ya san ɗacinta. A jaridar L'Aurore, inda yake aiki, aka buga wasiƙar Emile Zola ran 13 ga watan Janairu 1898, wadda ta tuhumi manyan soja da rufe gaskiya, shi ne kuma ya zaɓa mata kai. An buga wajen kofi 300.000. Ya rubuta ɗaruruwan maƙaloli a kan maganar.

Nan ma ƙuri'a ta fara bin ƙarya. A zaɓen Mayu 1898 masu kare Dreyfus, irin su Jean Jaurès, suka rasa kujerunsu, Drumont kuwa aka zaɓe shi a birnin Aljaza'ir. Sai cikin Agusta aka gane Kanar Henry ne ya ƙaga babbar takardar shaida, ya kuwa kashe kansa a kurkuku. Daga nan ra'ayi ya fara juyawa. An yi wa Dreyfus afuwa cikin 1899, an wanke shi sarai cikin 1906, ɓangaren da ya tsaya masa kuma ya ci zaɓen 1902.

Rigimar nan ta taɓo ƙasar Nijar ta wani gefe. Janar Chanoine, wanda ya riƙe ministan yaƙi cikin 1898 yana ƙin a sake shari'ar Dreyfus, shi ne uban Kyaftin Chanoine, abokin Kyaftin Voulet. Su biyun nan ne suka ratsa ƙasar Hausa cikin 1899 suna ƙone garuruwa, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, kana Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, cikin ƙasar Tasawa, ran 14 ga watan Yuli. Labarin ya isa Paris ana tsakiyar shari'ar Dreyfus ta biyu. Depite Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta yi bincike cikin 1900, ta ƙi. Kuɗin masu ajiya ya girgiza zaɓen Faransa, amma jinin mutanen Ƙonni bai yi haka ba, don waɗanda aka zalunta ba su da ƙuri'a.

Komawa mulki

Cikin 1902 jihar Var, wadda ta kore shi, ta zaɓe shi ɗan majalisar dattawa. Cikin Maris 1906 ya zama ministan cikin gida, karo na farko da ya riƙe minista, yana da shekara 64. Daga Oktoba 1906 zuwa Yuli 1909 ya shugabanci gwamnati. Ya kafa ma'aikatar ƙwadago, ya sabunta aikin ƴan sanda, ya ba Picquart, hafsan da ya tona ƙagen da aka yi wa Dreyfus, ministan yaƙi. Amma ya sa soja sun murƙushe zanga-zanga da yajin aiki, an zub da jini a Narbonne cikin 1907 da Draveil da Villeneuve-Saint-Georges cikin 1908, ƴan ƙwadago suka ɗauke shi maƙiyi.

Ran 16 ga watan Nuwamba 1917, yaƙi ya shekara uku, soja sun gaji, jama'a sun karaya, shugaban ƙasa Poincaré ya kira shi ko da yake ba sa ga maciji. Yana da shekara 76. Ya riƙa zuwa ramukan daga da sandarsa yana zama da ƙananan soja. Amma makamin da aka sare shi da shi cikin 1893, zargin haɗa kai da ƙasar waje, shi ma ya ɗauke shi. Ya tuhumi tsohon minista Louis Malvy, aka kore shi daga ƙasa shekara 5. Ya sa aka kama tsohon shugaban gwamnati Joseph Caillaux cikin Janairu 1918. Kotu ba ta sami ɗayansu da cin amanar ƙasa ba, sai ƙananan laifuffuka, daga baya kuma aka yi musu afuwa, Caillaux ya koma ministan kuɗi cikin 1925.

Haka kuma mutumin da ya yi gaba da mulkin mallaka cikin 1885 shi ne ya nemi ƙarin soja daga Afirka. Cikin Janairu 1918 ya naɗa Blaise Diagne, depiten Senegal, ya zagaya Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Gwamna Janar Van Vollenhoven ya ajiye aiki don bai yarda ba. Aka ɗebi samari wajen 63.000, bisa alkawarin sauƙin haraji da ƴancin zama ɗan ƙasa, alkawarin da kaɗan ne daga cikinsu suka ga cikarsa.

Ƙarshen rayuwa

Ran 11 ga watan Nuwamba 1918 Jamus ta sa hannu aka tsai da wuta, Alzas da Loren suka komo, jama'a suka yi masa laƙabi da uban cin nasara. Cikin Fabrairu 1919 wani saurayi mai suna Emile Cottin ya harbe shi, harsashi ɗaya ya zauna cikin ƙirjinsa har mutuwarsa. Ya shugabanci taron sulhu, aka sa hannu a yarjejeniyar Versailles ran 28 ga watan Yuni 1919.

Cikin Janairu 1920 abokansa suka tsai da shi takarar shugaban ƙasa. Ya ƙi roƙon kowa, yana ganin aikinsa ya isa ya yi masa magana. Amma zaɓen nan na ƴan majalisa ne, cikin sirri, kuma da yawa suna da tsohon miki. Aristide Briand ya bi su ɗaya ɗaya, yana tsoratar da mabiya coci da rashin addinin tsohon. A ƙuri'ar gwaji ran 16 ga wata, ya sami 389, abokin takararsa ya sami 408. Abokin takarar kuwa shi ne Paul Deschanel, wanda ya tsaga wa goshi shekara 26 da suka shige.

Kilemanso ya janye, ya bar siyasa. Ya yi tafiya zuwa Masar da Sudan da Indiya, ya koma Amurka cikin 1922. Sauran kwanakinsa ya yi su tsakanin Paris da wani ƙaramin gida bakin teku a Vendée, yana rubutu yana kiwon furanni. Ya mutu a Paris ran 24 ga watan Nuwamba 1929, yana da shekara 88. Bisa wasiyyarsa aka rufe shi a Mouchamps kusa da ubansa, ba jawabi, ba bikin gwamnati.

Mashigin Panama kuwa, Amurka ce ta ƙarasa shi, aka buɗe cikin Agusta 1914. Masu ajiyar da aka cuta ba su sami abin kirki daga kuɗinsu ba. Har Kilemanso ya koma ga ƙasa babu wanda ya kawo shaidar cewa ya karɓi toshiya daga kamfanin ko daga Ingila, amma zargin ya raba shi da majalisa shekara 9. Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa, haka Hausawa suka ce. Sai dai a rayuwar mutumin nan furen ya daɗe har aka kaɗa ƙuri'a aka ƙidaya, gaskiya ba ta iso ba tukuna.